Baƙin Salatif ɗin Baba

Kowace Asabar da ƙarfe goma na safe, Hedimasta yakan tsaya a ƙofar falon yayarsa, ya cire takalmi, ya gyara biro biyun da ke aljihun gabansa, ja da shuɗi, ya yi sallama. Kowace Asabar kuma mahaifinsa yakan ɗago kai daga kujerar da ke jikin taga, ya dube shi sama da ƙasa cikin girmamawa, ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Mitar wuta tana bayan ƙofa."

Wata takwas ke nan ana haka. Da farko yakan durƙusa ya ce, "Baba, ni ne fa." Baba sai ya ce ai ya gane shi sarai, shi ne wanda ya zo wancan watan. Daga baya ya haƙura. Yakan leƙa bayan ƙofar, ya zaro jan biro, ya yi kamar yana rubutu a tafin hannunsa, don ya lura in bai yi hakan ba hankalin tsohon ba ya kwanciya. Mutumin da yara ɗari bakwai ke miƙewa tsaye in ya shigo fili, ga shi yana karanta mitar gidan yayarsa kowane mako, kuma ko lambobin ba ya gani sosai.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da bakinsa ya roƙi wannan girmamawar. Tun yana ƙarami Baba ke kiransa Kunnuwa, saboda dalilin da duk wanda ya gan shi ba hula zai gane. Ya kira shi haka a gaban abokan karatunsa, ya kira shi haka a gaban iyayen matarsa, ya kira shi haka a tsakiyar filin makaranta ranar da aka ba shi kujerar hedimasta, har wani ɗan aji uku ya ƙware don dariya. Shekara ashirin yana lallaɓa tsohon: "Baba, don Allah, a gaban mutane ka riƙa cewa malam." Baba ya ce to, washegari ya koma 'yar gidan jiya. Yanzu ciwon mantuwa ya cika masa burinsa. An ce masa malam, har an ƙara masa da mita. Da za a ce ya ba da kujerar da biro biyun a sake kiransa Kunnuwa sau ɗaya, da ya bayar. Amma wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba, don shi mutum ne mai kiyaye mutuncinsa.

Likitar da ke duba Baba ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce ciwon gaba yake yi, ba ya komawa baya, sai dai wani lokaci tsohon abin da mutum ya saba da shi yakan dawo da shi na ɗan lokaci. Yaya ta gwada akwatin kayan aikinsa, tunda gyaran fanka da dutsen guga ya yi duk tsawon rayuwarsa. Ya karɓi sukundireba da murna, ya kwance lafiyayyar fankar falon tas, ya jera kayan cikinta a faranti, ya manta yadda ake mayarwa. Sati biyu suka yi suna fifita da kwali.

A wannan zafin ne, ana fifita, Hedimasta ya bugi cinyarsa ya ce, "Fim ɗin."

Fim ɗin yana da tarihi a gidansu. Yana ɗan shekara shida, Yaya tana da goma, mahaifiyarsu ba ta cika wata huɗu da rasuwa ba, sai wani mutum ya kawo bidiyo shagon Baba, wai kaset ya maƙale a ciki. Baba bai taɓa buɗe bidiyo ba, amma shi ba a kawo masa abu mai waya ya ce bai iya ba. Ya kwana uku yana taɓe-taɓe har abin ya fara juyawa gaba da baya, kaset kuwa ya ƙi fitowa. Mai bidiyon bai sake waiwayarsu ba. Da haka suka zama gidan farko mai bidiyo a layinsu, da fim guda ɗaya tal.

Fim ne na 'yan tsana, irin waɗanda ake motsawa da zare, an yi shi a wata ƙasa mai nisa, da wani yare da ba wanda ya taɓa ji a layin. Baba ya ce shi yana ji, wai ya koya a bakin wani injiniya da suka taɓa aiki tare. Don haka duk ranar da babu makaranta, da yamma, sai ya ja ɗan bencinsa ya zauna a gefen talabijin, rabin fuskarsa na kallon fim, rabi na kallon 'ya'yansa, yana fassara. Ya kuma shimfiɗa baƙin salatif na masu wayarin, layi uku, a gindin gilashin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce hasken da ke fitowa ta gindin talabijin shi ke kashe idon yara. Hedimasta ya sha faɗa wa iyaye wannan magana a taron makaranta, da murya irin ta masu ilimi.

Labarin wani ɗan tsana ne mai fankama-fankaman kunnuwa, wanda iska ta ɗauke uwarsa ta kai ta bayan dutse. Baba ya ce sunansa Kunnuwa, kuma Hedimasta ya daɗe yana alfahari da cewa a wata ƙasa mai nisa an sa wa jarumin fim sunansa. Akwai Tsoho Mai Gemun Auduga da ke zaune cikin butar shayi, shi ke nuna masa hanya. Akwai 'yar tsuntsuwa mai yi masa rakiya, da gadar igiya, da Dodo mai ido uku. A ƙarshe kuma akwai wata mace mai shuɗin mayafi a ƙofar lambu, wadda da ta fito Yaya takan tashi ta ce za ta sha ruwa.

A kan wannan fim Hedimasta ya gina rabin rayuwarsa. Maganar da Tsohon ya fara yi da ya leƙo daga buta, "Ka tashi ko da gwiwarka na rawa, ba wanda ke kallon gwiwa," ya sa mai fenti ya rubuta ta a bangon makaranta, a ƙasa aka sa: daga wani shahararren fim. Lokacin da yake neman matarsa, a ƙofar gidansu, abin da jarumin ya faɗa wa tsuntsuwar a kan gada ya faɗa mata: "Ban san hanya ba, amma in kika biyo ni, ni zan riƙe fitila." Ta ji labarin fim ɗin sau ba adadi, ba ta taɓa ganinsa ba, don bidiyon ya mutu tun kafin Hedimasta ya gama sakandare.

Ya tono bidiyon daga siton Yaya, a ƙarƙashin tsofaffin labule, ya rungume shi zuwa layin masu gyaran rediyo. Shago uku suka yi masa dariya. A na huɗu, wani dattijo mai gilashi ɗaure da zare ya buɗe murfin, ya hura ƙura, ya canza wata 'yar roba da ta narke, ya goge cikin da auduga. Ya ce, "Zai yi. Amma zaren kaset ɗin ya bushe. Sau biyu, in an yi sa'a sau uku, daga nan ya tsinke. Kada ka yi ta mayar da shi baya kamar abin wasa." Saboda wannan gargaɗi Hedimasta bai gwada shi a gida ba. Dama me zai gwada? Fim ɗin yana kansa, daga farko har ƙarshe.

Da ya gaya wa Yaya shirinsa, sai ta ce, "Tsohuwar talabijin ɗin ma tana sito. Da ita za ka haɗa."

"Wannan kwarababbiyar? Tawa zan kawo, sabuwa, mai faɗi. Baba zai ga kowane silin gemu."

"Ai kuwa zai gani," in ji Yaya. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ci gaba da ninke wanki.

Ranar Asabar suka zo shi da matarsa, talabijin kwance a kujerar baya an lulluɓe ta da bargo. Ya karanta mita da sauri, ya ƙona rabin sa'a yana laluben inda kowace waya ke shiga, ya juya kujerar Baba ta fuskanci gilashin. Sannan ya tsaya a tsakiyar falon, hannu a baya, ya yi gyaran murya, ya gabatar da fim ɗin ga mutum uku kamar ranar raba kyaututtuka. Ya ce yau za su ga aikin da ba a ƙara yin irinsa ba. Ya roƙi matarsa ta ajiye waya. Ya danna.

Gilashin ya yi ruwa-ruwa, ya daidaita. Kiɗan farko ya taso, 'yar siririyar sarewa mai rawa, sai Baba ya ɗago kai. Ya ranƙwafo gaba, leɓensa na motsi.

Sabuwar talabijin kuwa ta cika alkawari, ta nuna komai. Zaren da ke ɗaga hannun jarumin ya fito raɗau, har da ƙullin da aka yi inda ya taɓa tsinkewa. Dutsen da ya hana shi barci yana yaro, kwali ne, an ma ga inda ya lanƙwashe. Matarsa, wadda ɗinki ne sana'arta, ta ƙura ido ta ce, "Malam, Dodon nan fa safa ce. Ga dunduniyar nan a goshinsa. Idanun kuma maɓallai ne, kuma ba iri ɗaya ba." Ya ce mata fasaha ce. Can sai ga hannun mutum ya shigo daga sama, da agogo a wuyansa, ya gyara butar shayin ya fita. Wannan ma ya ce fasaha ce, amma a hankali.

Sai murfin butar ya ɗaga. Tsoho Mai Gemun Auduga ya leƙo, ya ɗaga hannu sama, ya yi magana da muryarsa mai karkarwa. Hedimasta ya riga ya buɗe baki zai raka shi, ka tashi ko da gwiwarka na rawa, sai wasu fararen haruffa suka fito a gindin gilashin, daidai inda baƙin salatif yake a da. Fassara ce, da yaren makaranta, wanda shi kansa ya shekara goma sha biyar yana koyarwa.

Matarsa ta karanta a fili. "Ina cokalina? Wa ya ɗauke mini cokali?"

"Ba nan ba ne wurin," in ji Hedimasta. "Yanzu za a zo."

Tsohon ya sake ɗaga hannu.

"Ba na iya shan miya ba cokali. Kai yaro, je ka nemo mini."

Ya jira maganar iska, ya jira maganar uwa. Babu iska, babu uwa. Dodo ne ya saci cokalin Tsoho, aka aiki yaro ya karɓo. Shi ke nan fim ɗin. Ko sunan yaron ba Kunnuwa ba ne, wani abu ne mai baƙaƙe da yawa da ba ya faɗuwa a baki. Hedimasta ya ji gumi na bin bayan kunnuwansa, kuma wurin yana da faɗi.

Aka zo gadar igiya. Jarumin ya juya ya dubi 'yar tsuntsuwa, kiɗa ya yi sanyi. Matarsa ta gyara zama, don ta san wannan wurin nata ne. Haruffan suka fito. Ta karanta sau ɗaya a zuci, sannan a fili.

"Matsa can, fuka-fukanki na wari." Ta juyo. "Malam, wannan ce maganar da ka faɗa mini a ƙofar gidanmu?"

"Masu fassarar nan ba su san aikinsu ba."

"Shekara goma sha tara ina binka a kan warin fuka-fuki," ta ce, ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa.

Ya juya wajen Baba don ya sami mai goya masa baya, sai dariyar da ta fara kama shi ta tsaya. Baba ya daina kallon fim. Ya ja jikinsa baya cikin kujera, ya sunkuyar da kai, yana shafa aljihun rigarsa, na dama, na hagu, ya sake komawa na dama. Duk lokacin da haruffan suka fito sai ya ƙara sunkuyawa.

"Baba, me kake nema?"

"Na manta tabarau, malam," ya ce a hankali. "Ka yi haƙuri."

Hedimasta ya danna ya tsayar da kaset ɗin. Dama ɗaya cikin biyu ta tafi, kuma bai samo komai ba sai tsoho mai ba shi haƙuri.

Ya tarar da Yaya a kicin, ta ɗora ruwan shayi, ta ba shi baya.

"Kin sani," ya ce.

"Na ce maka ka haɗa da tsohuwar. Salatif ɗin yana jikinta har yau."

"Tun yaushe kika sani?"

Ta rage wutar. "Ranar farko babu salatif. Kai ba za ka tuna ba. Ina aji huɗu, na fara haɗa baƙi, kaina na rawa. Baba yana cewa iska ta ɗauke uwarsa, ni kuma na sa yatsa a gilashi na ce, Baba, a nan cokali aka rubuta. Ya dube ni kawai. Washegari muka tashi da salatif."

"To shi me ya hana shi karantawa?"

"Da me zai karanta?" Ta juyo ta dube shi, irin kallon da take masa tun yana sa takalmi a karkace. "Baba bai iya karatu ba, Hedimasta. Ko sunansa."

Ya dafa bakin wurin wanke-wanke. Abubuwa suka fara jeruwa a kansa ba tare da ya kira su ba. Takardar sakamakon jarrabawa, da Baba kan riƙe ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo masa ya ce karanta mini in ji ko ka iya. Wasiƙun da kullum suke zuwa daidai lokacin da hannun Baba ke da maiƙo. Tabarau ɗin da aka shekara arba'in ana mantawa, wanda ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Shi da ke cika baki a ɗakin malamai cewa minti biyar ya ishe shi ya gane yaron da ya haddace shafi da wanda ya iya karanta shi. Shi da aka taɓa ba takardar yabo a kan koya wa manya karatu, kuma Baba ne ya riƙe masa takardar a hoto.

"Yaren fa? Injiniyan?"

"Wane yare, wane injiniya." Ta zuba ganyen shayi. "Kai ba ka taɓa mamakin yadda tsohon cikin buta ya san ka fasa tagar maƙwabta ba? Satin da ka fara cizon farce, Dodo ya cinye masu cizon farce. Satin da ka ƙi zuwa makaranta don tsoron malamin lissafi, aka yi maganar gwiwa. Kaset ɗaya ne, amma kowane sati maganar daban."

"Na ɗauka fim ne mai zurfi," ya ce.

Yaya ta yi dariya har ta ajiye cokalin da ke hannunta. Shi ma ya taya ta, don ba abin da ya rage masa. Ya tuna bangon makaranta, haruffa masu tsawon kamu biyu, daga wani shahararren fim. Sufetocin makarantu biyu sun kwafe maganar a littafinsu.

Da dariyar ta lafa ya ce, "Mai shuɗin mayafin fa?"

Bai buƙaci ya faɗi abin da take cewa ba, su biyun sun haddace. Baba yakan sassauta murya a wurin: ina ganinku kullum daga nan, ku ci abinci, ku daina faɗa, kada ku ga laifin babanku in abincin ya ƙone.

"Na taɓa ɗaga salatif ɗin, ranar da ba kowa a gida," in ji Yaya. "Mai lambun ce. Cewa take, ka taka mini furanni, fita."

"Shekara arba'in, Yaya. Ba ki gaya mini ba."

"Kai kana da uwa a bayan dutse tana ganinka. Ni ina da mai furanni. Me zai sa in ƙwace maka taka?"

Kunya ta kama shi, da tausayin yarinyar da takan tashi shan ruwa, da wata irin kewar mutumin da ke zaune a falo taku goma daga inda yake. Duk hikimar da ya yi shekaru yana jingina wa wasu masana na ƙasa mai nisa, ashe ta mai gyaran fanka ce, wanda ya yi ta roƙo ya daina kunyata shi a gaban mutane.

Ya koma falo, ya jawo akwatin kayan aikin daga ƙarƙashin kujera. Baƙin salatif yana nan a lungun da yake zama kullum, ya ɗan yi danƙo. Ya ɓanɓaro bakinsa da farce ya nufi talabijin.

"Malam, sabuwa ce fa," in ji matarsa. Sai ta dubi fuskarsa, ta tashi ta kama masa ɗaya bakin. Ita ta daidaita layin, don nasa ya karkace. Layi uku bai isa ba, gilashin ya yi faɗi, sai da suka yi biyar.

Ya ɗauko ɗan benci daga baranda ya ajiye a gefen talabijin. Ya mayar da kaset ɗin baya, bidiyon na gurnani, shi kuma yana addu'ar kada zaren ya tsinke. Yaya ta shigo da shayi ta zauna a hannun kujera. Ya danna.

Sarewa ta taso. Baba ya ɗago kai, ya dubi gindin gilashin, ya ga baƙi. Hannunsa ya sauka daga aljihu. Amma bai fara fassara ba, bai dubi bencin ba. Murfin buta ya ɗaga, Tsoho ya yi maganarsa ya gama, falon shiru.

Hedimasta ya ga kaset na tafiya a banza. Ya ɗage wandonsa ya zauna a bencin da kansa, ya yi gyaran murya.

"Ya ce," ya fara, "a rayuwa, wajibi ne ga kowane ɗalibi, wato kowane mutum, ya tashi tsaye tsayin daka wajen fuskantar ƙalubale, ba tare da la'akari da..."

"Ba haka ya ce ba."

Duk suka juya. Baba ya haɗe gira, yana kallonsa da takaici.

"Malam, kai aikinka mita. Ba ka jin yaren nan. Tashi."

Ya tashi. Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe, gwiwoyinsa na rawa, ya taka zuwa bencin ba tare da ya yarda an riƙe shi ba. Ya zauna a karkace, rabin fuska ga fim, rabi ga falo. Babu sauran kujera a gaba, sai Hedimasta ya zauna a ƙasa kan darduma, ya tanƙwashe ƙafa, biro biyun na tokarin ƙirjinsa.

"Ya ce, kai Kunnuwa, tashi," in ji Baba, da murya mai karkarwa wadda ba tasa ba. "Ko da gwiwarka na rawa. Wa ke kallon gwiwa?"

Mutumin da ya yi watanni bai jera kalma goma ba, ya kama magana. Ya siranta murya ya yi tsuntsuwa, ya kumbura kumatu ya yi Dodo. Wasu wuraren ya ɓace ya yi shiru, 'yan tsana na ta motsa baki ba mai fassara, sannan ya sake kamo zaren. Wasu maganganun sababbi ne. Da Tsoho ya ɗaga hannu sama karo na uku, Baba ya ce, "Ya ce, wane mara hankali ne ya kwance fankar nan?" Yaya ta toshe baki. Da aka zo gada ya ce, "Ya ce ban san hanya ba, amma ni zan riƙe fitila," sai matar Hedimasta ta sunkuya tana gyara wani abu a takalminta da bai lalace ba.

Kunnuwa ya ce, Kunnuwa ya hau, Kunnuwa ya faɗi. Hedimasta ya ji sunan ya fi sau ashirin, amma kowane ɗaya na ɗan tsana ne. In Baba ya juyo da rabin fuskarsa, idonsa kan wuce ta kansa kamar yana kallon bango. Ya ce wa kansa wannan ma ya isa, an ji muryar, me kuma ake nema. Bai isa ba. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, tunda yaran makaranta ba sa nan.

Hoton ya fara rawa, fararen layuka na ratsa shi, alamar zaren ya gaji. Ƙofar lambu ta fito, mai shuɗin mayafi ta tsaya a bakinta, ta nuna yaron da yatsa. Yaya ta motsa kamar za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

Baba ya sassauta murya. "Ta ce, ina ganinku kullum daga nan. Ku ci abinci. Ku daina faɗa."

Ya tsaya. Mai mayafin na ta magana, shi bai bi ta ba. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya dubi mutumin da ke zaune a ƙasa, ya daɗe yana kallonsa.

"Ta ce, Kunnuwa, dubi yadda ka yi furfura. Ka girma, har yau in za ka yi kuka sai ka buɗe baki. Goge hancinka, matarka na kallo."

Ɗan tsanan da ke cikin gilashi ba shi da furfura, ba shi da mata.

"Haka ta ce, Baba?"

"Haka ta ce. Ni fassara kawai nake yi."

Ya goge hancinsa da hannun rigar da aka yi wa guga da safe. Sannan ya ja jiki gefe kaɗan, don ya tuna kunnuwansa kan kare wa Yaya talabijin.